A Juya Bayansa: Fashin Baƙi Kan Tsofaffin Kayan Ado na Gilashi da Ƙarfe

A watan Afrilun 1996, gidan gwanjo na Sotheby's da ke birnin New York ya fitar da kayan marigayiya Jacqueline Kennedy, matar tsohon shugaban Amurka, domin sayarwa. A cikin kayan akwai wata sarƙar wuya ta lu'ulu'u mai layi uku. Lu'ulu'un bai taɓa ganin teku ba, ƙirar masana'anta ne. Masu kimanta kaya na gidan sun yi wa sarƙar kuɗi tsakanin dala 500 zuwa 700. Da aka gama tayi, dala 211,500 aka biya.

Mu da muka saba da gwal, wannan lissafi da wuya ya shiga kanmu. Mace ta sayi sarƙa da 'yan kunne, an ɗora a sikeli an faɗa mata giram nawa ne, ranar da wata buƙata ta taso ta koma kasuwa a sake awo a ƙirga mata kuɗinta, sau da yawa har da riba. Abin da ba gwal ba kuwa na fitar biki ne, in ya koɗe a jefa wa yara. Gaskiya ne sunan mai sarƙar ne ya kai kuɗin can sama. Amma ko an cire manyan sunaye, akwai kasuwa sukutum a Amurka da Turai ta masu tara tsofaffin fil na maƙalawa a riga, da sarƙoƙi, da awarwaro, da 'yan kunne waɗanda babu komai a jikinsu sai gilashi da tagulla da roba. Suna biyan ɗaruruwan daloli, wani lokaci dubbai, a kan abin da in an narkar da shi ba zai sayi kwanon shinkafa ba. Ƙira suke saye, da aikin hannun da ke ciki, da zamanin da abin ya fito. Kuma duk ukun a bayan abin ake karanta su.

Sana'ar ta girmi Amurka. A farkon ƙarni na 18 wani mai ƙera agogo a Landan, Christopher Pinchbeck, ya haɗa jan ƙarfe da tutiya ya fitar da wani ƙarfe mai launin gwal, har yau da sunansa ake kiran wannan haɗi. A Faris kuma Georges Frédéric Strass ya gwanance wajen yanka gilashi mai dalma a ciki, ya liƙa masa siririn fallen ƙarfe a ƙasa, sai ya riƙa walƙiya kamar daimon a hasken kyandir. Tun kafin su ma Faransawa sun gano yadda ake tatsar wani ruwa mai sheƙi daga ɓawon kifi a shafa wa ƙwayar gilashi ta koma kamar lu'ulu'u. A wancan lokaci manufar ita ce a rufe ido: attajira ta ajiye na gasken a gida ta sa kwaikwayonsa ta hau hanya, in 'yan fashi sun tare ta asarar kaɗan ce.

Duwatsun da suka cika kayan ƙarni na 20 kuwa, mafi yawansu daga wuri ɗaya asalinsu yake, wato yankin Bohemiya na ƙasar Cek ta yau, musamman garin Jablonec wanda Jamusawa ke kira Gablonz. Gari ne da kusan kowane gida yake da hannu a harkar gilashi. Daga wannan yanki Daniel Swarovski ya fito. A 1892 ya yi rajistar wani inji mai yanka gilashi daidai-wa-daida fiye da yadda hannu zai iya, a 1895 kuma ya kwashe ya koma ƙauyen Wattens a Ostiriya, inda akwai ruwan da zai juya masa injuna kuma ya yi nisa da idon abokan gasa. Daga nan dutse mai kyau ya yi araha.

Wadda ta sauya wa mutane tunani ita ce Coco Chanel, mai zanen sutura 'yar Faransa, a shekarun 1920. Ta daina ɓoye cewa abin na kwaikwayo ne. Takan jera sarƙoƙin lu'ulu'u manya-manya waɗanda kowa ya gani ya san babu kawar da za ta haifi irinsu, wani lokaci ta haɗa su da na gaske a wuya ɗaya. Gidan Gripoix a Faris ya riƙa yi mata aiki, suna narkar da gilashi mai launi su zuba shi cikin firam na ƙarfe. Abokiyar hamayyarta Elsa Schiaparelli ta ƙara gaba, har da sarƙa mai siffar ƙwari. Ado ya zama wani ɓangare na sutura, ana sauya shi yadda ake sauya riga. Sai tattalin arzikin duniya ya karye a 1929. Matar da ba ta da kuɗin sabuwar riga tana iya sayen fil ɗaya ta maƙala wa tsohuwar ta fita kunya. Su kuma maƙeran da suka saba aiki da daimon da filatinam, ciniki ya tsaya musu cak, dole suka nemi aiki a masana'antun kayan kwaikwayo. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa masu tarawa suka fi ƙwallafa rai a kan kayan 1930 zuwa 1960: hannuwan da suka yi su hannuwa ne da suka koyi sana'a a kan dukiya ta gaske.

Misali mafi fitowa fili shi ne Alfred Philippe, wanda ya yi wa manyan gidajen gwal da daimon na Cartier da Van Cleef & Arpels zane kafin ya koma Trifari, kamfanin kayan kwaikwayo na Amurka, a 1930, ya zauna can har 1968. Marcel Boucher ma daga Cartier ya fito, ya kafa nasa a 1937. Birnin Providence na jihar Rhode Island ya zama cibiyar sana'ar, inda kamfanin Coro ya gina babbar masana'antarsa. Coro ne ya yi fice da wani fil da ake kira Duette, wanda ake ɓalle shi gida biyu a maƙala kowane rabi a gefen wuyan riga, ko a mayar da su kan firam ɗaya su zama fil guda. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, a 1942 gwamnati ta taƙaita amfani da ƙarafa irin su kuza da jan ƙarfe saboda makamai, hanyar duwatsun Turai ma ta toshe. Sai kamfanonin suka koma azurfa, suna yi mata ruwan gwal. Shi ya sa fil ɗin Trifari ko Coro mai tambarin STERLING, wato alamar azurfa, yakan nuna shekarun yaƙi da 'yan shekarun da suka biyo baya. A wannan ƙunci ne aka yi ƙananan dabbobin nan, kifi da kwaɗo da zakara da gizo-gizo, masu ciki na roba garai-garai mai suna Lucite, waɗanda yanzu suna cikin mafi tsada kuma mafi yawan jabu. Zuwa 1953 mutuncin kayan ya kai matsayin da Mamie Eisenhower ta sa lu'ulu'un Trifari a liyafar rantsar da mijinta a matsayin shugaban ƙasa.

To, ta yaya ake gane na asali? Duk wanda ya taɓa sayen hula ya san ba a tsayawa kan zanen waje, juya cikinta ake yi a ga ko ɗinkin hannu ne ko na keke. Haka masu wannan harka suke yi. Gaban fil an yi shi ne domin ya ɗauki ido, kuma mai jabu a nan yake zuba duk ƙoƙarinsa. A baya ake ganin ko an kashe lokaci.

Ka ɗauki fil mai kyau na shekarun 1940 ka kife shi a tafin hannu. Abu na farko da za ka ji shi ne nauyi, ya fi yadda ido ya zata. Bayan sumul yake, an goge shi kafin a yi masa ruwan ƙarfe, ba gurzaje ba ƙuraje. Ka shafa yatsa a gefensa, babu inda zai kama zaren mayafi. Kowane babban dutse yana zaune cikin 'yan haƙoran ƙarfe guda huɗu ko shida da aka lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, kuma in ka sa madubin ƙara girma za ka ga ba dukkansu suka kwanta iri ɗaya ba, domin mutum ne ya danna su. Inda aka haɗa gaɓa da gaɓa, waldar ta kwanta lafiya ko kuma an ɗaure da ɗan ƙusa. Allurar tana da kauri, tana buɗewa da ɗan tauri. Sai ka kwatanta da na jabu, wanda yawanci daga jikin na asalin aka ɗauki zubinsa: layukan zane sun dushe, lungunan sun cike, bayan yana da ƙananan ramuka irin na kumfa, girmansa ya ɗan gaza na asali saboda ƙarfe yana tsukewa in ya huce, ga gam ya tsattsafo a gefen duwatsu. A nan akwai abin lura. Gam shi kaɗai ba hujja ba ne, domin manyan kamfanoni ma sun liƙa ƙananan duwatsu da shi. Tsabtar aikin ake dubawa.

Daga nan sai makulli da maƙali, waɗanda suke faɗin shekaru ko ba a tambaye su ba. Fil ɗin da allurarsa ke shiga wata 'yar lanƙwasa kawai ba tare da abin kullewa ba, kuma bakinta ya zarce gefen fil ɗin, alama ce ta tsufa sosai. Mai ɗan abin murzawa da ke rufe bakin allura ya zo daga baya. 'Yan kunne masu sukurun ɗaurewa sun riga masu matsewa, su kuma masu matsewa sun bazu daga shekarun 1930, lokacin da yawancin matan Amurka ba sa huda kunne. Makullin sarƙa mai kama da ƙaguwa, irin wanda ya cika kasuwa yau, in ka gan shi a kan sarƙar da aka ce ta 1940 ce, to ko an sauya shi ko an yi maka ƙarya.

Akwai wasu ranaku da ke yanke gardama. A 1955 Trifari ya kai kamfanin Charel ƙara a kotun tarayya a New York kan satar zane, ya yi nasara, aka tabbatar cewa zanen kayan ado yana shiga ƙarƙashin haƙƙin mallaka. Daga nan kamfanoni suka fara buga alamar © kusa da sunansu. Saboda haka fil mai wannan alama ba zai zama na 1930 ba, komai rantsuwar mai sayarwa. Haka dutsen nan mai walƙiyar bakan gizo da ake kira Aurora Borealis, kamfanin Swarovski ya fito da shi ne a tsakiyar shekarun 1950 tare da mai zanen sutura Christian Dior. Sunan ƙasa ma shaida ne. Czechoslovakia ba ta wanzu ba kafin 1918, kuma ta rabu a ƙarshen 1992. Tambarin W. Germany yana tsakanin 1949 da 1990, kuma bayansa akwai labari mai ɗaci: bayan yaƙi an kori Jamusawan Gablonz daga garinsu, suka tashi da sana'arsu a ka suka kafa sabon matsuguni mai suna Neugablonz kusa da Kaufbeuren a Bavariya. Kayan Dior da kamfanin Henkel & Grosse na Pforzheim ya fara yi daga 1955 sun sauƙaƙa wa mutane, domin da yawansu har shekara aka buga musu.

Sai dai ni a ganina babu shaidar da ta kai tambarin suna rauni, duk da cewa shi sabon shiga yake fara nema. Buga suna a ɗan fallen ƙarfe a liƙa wa kowane tarkace aikin minti kaɗan ne. Kuma wasu daga cikin mafi kyawun kayan ba su da suna ko kaɗan. Miriam Haskell ta buɗe shagonta a otal ɗin McAlpin a New York a 1926, tare da mai zanenta Frank Hess, amma sai wajen ƙarshen shekarun 1940 aka fara sa wa kayanta tambari na dindindin. Wato aikin sama da shekara ashirin yana yawo babu suna. Ana gane shi ne da salon haɗi: kowace ƙwayar lu'ulu'u da kowane ɗan tsakiya an ɗinke shi da siririyar waya a jikin wani faranti mai huji-huji kamar leshi, sannan a kayan da suka biyo baya a rufe bayan da wani farantin domin kada wayar ta fito. Wanda ya ga suna Haskell a kan abin da aka tara wa duwatsu da gam ya san akwai magana. Haka kayan kamfanin DeLizza & Elster, waɗanda masu tarawa ke kira Juliana. Sunan a takardar rataye kawai ya fito, takardar kuma tuni ta shiga shara. Da ƙirar baya ake gane su, misali awarwaronsu mai gaɓoɓi biyar. A ɗaya ɓangaren kuma, suna yana iya zama na gaskiya amma abin bai kai ba. An sayar da Trifari a 1975, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa hannun kamfanin Liz Claiborne a 2000. Coro ya rufe a Amurka a 1979. Sunan da ke kan fil ɗin 1945 da wanda ke kan na 1995 ɗaya ne, aikin kuwa ko kusa.

Roba ma tana da nata masoya. Bakelite, wadda Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, an sassaƙa ta an yi awarwaro masu kauri a shekarun 1930 da 1940. Tana da nauyi, ba ta da layin zubi a gefe, biyu in sun haɗu ƙararsu mai zurfi ce. In ka murza ta da babban yatsa har ta yi ɗumi za ta fitar da wari irin na sinadarin asibiti. Wasu kan shafa ɗan man goge ƙarfe na Simichrome a auduga su taɓa cikin awarwaron, audugar ta koma ruwan ɗorawa. Baƙar Bakelite takan ƙi wannan gwaji, don haka ba a dogara da shi kaɗai.

Bayan an tabbatar da asali, sai lafiyar abin, kuma a nan kuɗi ke hawa ko faɗuwa. Ka ɗaga fil zuwa haske. In ka ga dutse ɗaya ya yi duhu ko toka-toka a tsakanin 'yan uwansa masu walƙiya, fallen da ke ƙarƙashinsa ne danshi ya cinye, masu harkar suna cewa dutsen ya mutu, kuma ba ya farfaɗowa sai dai a sauya shi. Koren tsatsa a lungun ƙarfe ciwo ne mai ci, yana kuma kama na kusa da shi in an haɗa su a akwati ɗaya. Lu'ulu'un kwaikwayo daga bakin huji yake fara saɓa. Akwai kuma abin da aka haɗa daga gawarwaki biyu, kan wannan da ƙafar wancan. Gyara ba laifi ba ne, abu mai shekara saba'in dole ya ga maƙeri. Laifin shi ne a ɓoye wa mai saye.

Wannan tarihi ya ratso ta ƙasarmu, ko da ba mu lura ba. Masana'antun Jablonec da na Venis sun daɗe suna yin tsakiya musamman domin kasuwannin Afirka ta Yamma, suna kwaikwayon murjani da aƙiƙ da gilashi. Na Bohemiya har ƙananan abin wuya suka yi masu jinjirin wata da tauraro da rubutun Larabci domin masu saye Musulmi. Waɗannan kaya sun shigo sun gauraya da aikin gida, irin tsakiyar gilashi da masaga na Bida suke yi, da aikin azurfa na maƙeran Agadas. Don haka wadda ta gaji adakar kakarta, kafin ta zubar da abin da ba gwal ba, ta zauna ta juya kowanne ta duba. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake rabon gado a auna gwal a rubuta, sauran kuwa a kwashe a leda, alhali a cikinsu ne ake ganin abin da matar ta sa ranar suna da ranar Sallah, da hanyoyin fatauci da suka kawo shi hannunta.

Game da kuɗi, gara a faɗi gaskiya tun da wuri. Wannan ba ajiya ba ce irin ta gwal. Babu sikeli, babu farashin rana, babu shagon da ya zama dole ya karɓa. Darajar tana bin sha'awar masu saye, sha'awa kuma tana juyawa. Intanet ta fito da abubuwa da dama da ake zaton ba su da yawa, ashe suna jibge a gidaje, farashinsu ya sauka. Kamfanoni irin su Sarah Coventry da Avon sun yi kaya da yawan gaske, suna da kyau, sun tsufa, amma mafi yawansu ba su da tsada. Kasuwar intanet ta Etsy tana karɓar duk abin da ya shekara 20 a matsayin tsohon kaya, hukumar kwastan ta Amurka kuma sai abu ya cika 100 take lissafa shi a kayan tarihi, saboda haka tsufa kaɗai ba ya nufin komai. Mai farawa ya zaɓi kamfani ɗaya ko zamani ɗaya ya san shi ciki da bai, ya riƙa ɗaukar na asali a hannu duk inda ya samu dama. In ta intanet zai saya, ya nemi hoton baya da na makulli da na tambari, da awon tsawo da nauyi. Mai sayarwar da ya ƙi turo hoton baya, a bar masa kayansa.

Kula da su kuwa sai an saɓa wa al'adarmu kaɗan. Turare da humra da man shafawa suna cin fentin lu'ulu'u, suna dusar da ruwan gwal, don haka sai an gama fesawa jiki ya bushe sannan a sa, kuma kada a turara su da kaya a kan kasko. Ba a tsoma dutse mai falle a ruwa, ko da na minti ɗaya ne. Busasshen burushi mai laushi ya isa ya fitar da ƙurar hunturu. Da damina a sa ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi a cikin akwatin, kowane abu kuma a nasa ƙyalle domin kada su karci juna. Tsofaffin ƙarafan zubi da wasu gilasan suna ɗauke da dalma, saboda haka ba kayan wasan yara ba ne, kada a bar jariri ya kai su baki, mai ƙaiƙayin fata kuma ta yi hattara da waɗanda ke da nikel. In dutse ya faɗo, a tsince shi a ƙulle a takarda tare da fil ɗin. Sabon dutse yakan fi tsofaffin haske, kuma samun wanda ya dace da su a launi da yanka yana iya ɗaukar shekaru.